Yadda Ake Shiga Kulob ɗin Golf na Mambobi da Keken Jaka Ba Tare da An Tare Ka Ba

Keken jaka shi ne 'yar amalanken nan mai taya uku ko huɗu da ɗan wasan golf ke ɗora jakar sandunansa a kai, ya riƙa turawa yana takawa da ƙafa daga rami zuwa rami. A Ingila da Sikotilan toroli suke ce masa, kuma ba mai ɗaga kai ya dube ka don ka zo da shi. Tsoho da yaro kowa da nasa. A Amurka kuwa, musamman a kulob ɗin da sai mamba ko baƙon mamba ke shiga, labari ya sha bamban. Kana iya buɗe but ɗin mota ka sauko da kekenka sabo fil, kana cikin warware shi sai ma'aikaci ya iso da fara'arsa, ya karɓi jakarka, ya ce keken ya koma mota. Ba zai ɗaga murya ba. Amma wanda ya gayyato ka shi zai kwashi kunyar, kuma in abin ya kai ga kwamiti, shi za a rubuta wa takarda.

Kafin komai, san abin da dokar ke karewa

Wanda bai san dalilin doka ba, da wuya ya bi ta yadda ya kamata, balle ya nemi a sassauta masa. Abu uku ne ke sa kulob ya taƙaita keken jaka, kuma galibi ɗaya kawai ake faɗa a fili.

Wanda ake faɗa shi ne ciyawa. Nauyin keken ba wani abu ba ne: keke kilo 7 zuwa 10, jaka cike da sanduna 14 da ƙwallaye da ruwan sha kilo 10 zuwa 14, duka ba su kai rabin nauyin mai tura su ba. 'Yar motar fili mai ɗaukar mutum biyu, da mutanenta da jakunkunansu, ta haura rabin tan. Ɓarnar keken jaka daga maimaici take zuwa. Mai tafiya da jaka a kafaɗa yana ratsawa ta ko'ina, amma masu keke duk lungu ɗaya suke bi, wato wurin da ya fi sauƙin turawa. In mutum 60 suka bi ta matsattsen wuri ɗaya kowace rana, cikin 'yan makonni ƙasar ta danƙare, ruwa ya daina shiga, saiwa ta rasa iska, sai ka ga layi biyu jajaye kamar hanyar jakuna zuwa rafi.

Na biyu shi ne masu ɗaukar jaka, waɗanda 'yan wasa ke kira kadi. A tsofaffin kulob na Amurka wannan aiki gado ne. Chick Evans, wanda ya ci manyan gasannin ƙasar biyu a 1916, da ɗaukar jaka ya fara, kuma tallafin karatun jami'a da ake bai wa yara masu ɗaukar jaka da sunansa tun 1930 har yau yana nan. Duk keken da ya shiga fili, aikin yaro ɗaya ne ya tafi na wannan yinin. In keke ya yawaita, yaran su daina zuwa, ranar da aka buƙace su a rasa.

Na uku, wanda ba a cika so a faɗa ba, kuɗi ne. Hayar 'yar mota tana kawo wa kulob kuɗin shiga a kowane zagaye. Mai keken kansa bai biya kadi ba, bai hau mota ba.

Akwai kuma son a ga fili tsaf, wanda wasu tsofaffin mambobi ke ɗauka da zafi: a ganinsu keken jaka kayan filin gwamnati ne na kowa da kowa. Wannan ra'ayi ya yi sanyi tun 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka dakatar da masu ɗaukar jaka, aka hana mutum biyu hawa mota ɗaya. Kulob da dama sun buɗe ƙofa ga keke a lokacin, wasu suka bar ta a buɗe, wasu suka sake rufewa. Saboda haka abin da wani ya gaya maka shekara biyar da suka wuce ba hujja ba ce yau.

Mataki na 1: Yi tambaya kafin ka baro gida

Matambayi ba ya ɓata. In kai baƙo ne, fara da mai masaukinka, sannan ka roƙe shi ya tabbatar daga shagon kulob, domin mambobi da yawa ba su san dokar baƙi ba sai tasu. In kai sabon mamba ne, karɓi littafin dokokin kulob ka duba babin amfani da fili. Ka yi wannan kwana biyu kafin wasan, don kadi ma sai an yi odarsa da wuri.

"Ana barin keke?" tambaya ce da ba ta isa ba. Za a ce maka e, ka zo ka tarar da sharaɗi. Ga abin da za ka bi ɗaya bayan ɗaya:

Keken kaina, ko sai na kulob? Wace rana, kuma daga ƙarfe nawa? Dokar mamba da ta baƙo ɗaya ce? Mai batir ya halatta, kuma in ya halatta, har da mai rimot da mai bin mutum da kansa? Akwai kuɗin da ake biya don shigar da keke? In an yi ruwa da dare, wa ke yanke hukunci da safe, kuma ta ina zan ji?

Amsar da za ka samu ba za ta wuce ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba. Akwai inda aka hana sam: ko kadi, ko mota, ko ka saɓa jakarka. Akwai inda ake bari bayan wani lokaci, misali daga ƙarfe 2 ko 3 na rana, sa'ad da masu ɗaukar jaka sun gama aikin safe, ko kuma a ranakun aiki ban da safiyar Asabar da Lahadi. Akwai inda sharaɗin shi ne sai in ba kadi ko ɗaya da ya rage a rumfa. A nan mai kula da masu ɗaukar jaka shi ke da ta cewa, ba kai ba. Akwai inda kulob ya sayi nasa kekunan iri ɗaya launi ɗaya yana ba da haya, ya hana na waje. Akwai kuma inda za ka zo da naka amma sai an yi masa rajista, an liƙa masa lamba, ka biya kuɗin shekara na ajiya.

Mai lalurar baya ko gwiwa ko zuciya ya nemi takardar likita ya miƙa wa sakataren kulob tun kafin ranar. Galibin kulob suna da rangwame ga irin wannan. Sai dai a sani, a Amurka dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta keɓe kulob na mambobi zalla daga yawancin sharuɗɗanta, don haka da lalama ake nema, ba da barazanar kotu ba.

A filayenmu na gida, irin su Kano, Kaduna, Rayfield a Jos da IBB a Abuja, al'adar ita ce kadi, kuma samari da yawa da wannan aiki suke ci. Ko da ba a rubuta hani ba, wanda zai zo da keke ya fara yi wa kyaftin ɗin kulob magana. Hanya mai kyau da wasu ke bi ita ce a ɗora jakar a keke, kadin ya tura. Ya huta da dako a kafaɗa cikin zafin bazara, kuɗinsa kuma bai ragu ba.

Mataki na 2: Zaɓi keken da ba zai jawo magana ba

Tsohon yayi shi ne mai taya biyu da ake ja ta baya. Yana da arha, amma yana murɗa kafaɗa da ƙugu, kuma tayoyinsa sirara ne masu yanka jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tun da kamfanin Sun Mountain ya fito da mai taya uku na turawa a 1999, kasuwa ta koma can. Yau sunayen da za ka fi ji su ne Clicgear, Bag Boy da Sun Mountain a na hannu, sai Motocaddy, PowaKaddy da Stewart a masu batir.

Mai taya uku ya fi sauƙin juyawa. Mai taya huɗu ya fi zama daram a gefen tudu, kuma yakan naɗe ya yi lafe-lafe. In filin da kake yawan zuwa mai tuddai ne, ɗauki mai huɗu ko mai uku da tazarar tayoyin bayansa ke da faɗi. Tayar gaba mai juyawa ko'ina tana da daɗi a shimfiɗaɗɗen wuri, amma ka tabbata tana da makullin da ke tsayar da ita, in ba haka ba a gangara za ta riƙa kai ka inda ba ka nufa ba.

Abin da mai kula da ciyawa zai duba shi ne faɗin taya. Gwargwadon faɗinta, gwargwadon yadda nauyi ke bazuwa. Ka guji taya mai kaifin baki. Ka zaɓi wadda aka cika da soso, ba ta iska ba. A ƙasarmu mai ƙaya wannan ba ma abin shawara ba ne. Birki ya kasance a mariƙi inda yatsa zai kai nan take. Na ƙafa yana aiki, amma sai ka zagaya ka taka, kuma a gangara daƙiƙa biyun nan sun isa. Launi kuma baƙi ko toka. Kulob da ke kaffa-kaffa da kyan gani ya fi saurin kawar da kai ga keken da ba ya ɗaukar ido.

Auna but ɗin motarka kafin ka biya kuɗi. Mutane da yawa sai sun dawo gida suke gane keke da jaka ba za su shiga tare ba.

Mai sha'awar na batir ya lura da abu biyu. Ana sayar da batirin bisa yawan ramukan da zai kai, na 18 ko na 36. In filin mai hawa ne ko jakarka mai nauyi ce, sayi na 36, domin batir na raguwa da shekaru kuma ba abin da ya kai mataccen keken batir nauyin turawa a rami na 15. Abu na biyu, ba a hawa jirgin sama da shi. Dokar jiragen fasinja ta tsaya a wat-awa 100, ko 160 da izinin kamfani. Ka ninka bolt da amfiya-awa da ke rubuce a jikin batirin: bolt 14.4 sau 16 ya ba da kusan 230, ya wuce iyaka. In tafiya za ka yi, yi haya a can. Kulob da yawa kuma ba sa yarda a bar batir ko a yi cajinsa a ɗakin ajiyar jakunkuna saboda tsoron gobara da sharuɗɗan inshora, don haka cire shi ka tafi da shi gida.

Mataki na 3: Ɗora jaka

Warware keken a wurin ajiye motoci ko inda ake sauke jaka, ba a bakin ƙofar ginin kulob ba, kuma kada ka ratsa da shi ta baranda ko cikin gini. Ka ji ƙarar "ƙas" na makullin ƙashin bayansa kafin ka ɗora komai. In bai kama ba, zai naɗe da jakarka a kwalbatin farko da ka haura.

Danna birki. Zaunar da gindin jakar a kan matashin ƙasa har ya zauna sosai, sannan ka kwantar da wuyanta a na sama. Aljihunan su fuskanci sama da waje. Ɗaure maɗaurin ƙasa tukuna, sannan na sama, kuma na saman ya bi ta ƙarƙashin aljihu ko ta ƙofar da aka tanada, kada ya danne zif. Jijjiga jakar da hannu: in ta juya, ƙara tsukewa.

Jaka mai ƙafafu biyu ta masu saɓawa a kafaɗa takan ba da wahala, domin gindinta na da ɗan feda da ke buɗe ƙafafun in ya taɓa ƙasa. A kan keke fedar na dannuwa, ƙafafun su buɗe, jakar ta karkace. Ɗaure ƙafafun da 'yar igiyarsu, ko ka juya jakar kaɗan yadda fedar ba za ta hau matashi ba.

Nauyi ya koma ƙasa. Ƙwallaye da gorar ruwa a aljihun ƙasa, riga da tawul a sama. Dogayen sanduna a ramukan da ke kusa da mariƙi, gajeru a gaba, don kan gajerun kada ya riƙa dukan jikin dogayen. Wanda ya rataya jakar abinci da kujera da laima duk a mariƙi, tayar gabansa za ta riƙa ɗagawa, kuma a hawan farko keken zai kifo masa. Tsayin mariƙi daidai cibiya, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe. Ƙirga sandunanka: 14 ne iyaka, kuma da yake ba kai ke ɗauke da nauyin ba, da sauƙi a manta da ta 15 a ciki. Tarar wuce iyaka ita ce a ƙara maka bugu biyu a lissafinka a kowane rami, har zuwa bugu huɗu.

Mataki na 4: Inda taya ke bi da inda ba ta bi

Nan ne ake samun izini ko a rasa shi. Zagayen ramuka 18 tafiyar kilomita 8 zuwa 10 ce cikin kusan awa huɗu, kuma a duk tsawon nan wurare huɗu ne taya ba ta taɓawa ko da ba a rubuta ba.

Dandalin bugun farko. Ajiye keken a gefensa, daidai da alamar da za ka buga daga ita, ka hau da sanda ɗaya.

Girin, wato lallausar ciyawar da ramin ke cikinta. A nan ana aske ciyawa zuwa milimita 3 ko 4 kacal, kuma sawun taya ɗaya ya isa ya karkatar da ƙwallon duk wanda zai zo bayanka. Haramcin ya haɗa da zoben ciyawar da ya kewaye shi. A filayen da bakin raminsu yashi ne da aka cakuɗa da mai, irin waɗanda aka sani a Arewa, hukuncin ɗaya ne: taya na barin kwari a yashin.

Kwarin yashi da leɓensa. Leɓen a cike yake, ba shi da ƙarfi, yana zaftarewa.

Sai siririn wurin da ke tsakanin kwarin yashi da girin. Wannan shi ne laifin da ya fi yawa, don shi ne gajeriyar hanya, kuma shi ne wurin da ya fi saurin mutuwa. Ko da ka ga sawun wasu, zagaya ta bayan kwarin. Taku 20 ne ƙari.

Inda aka ja farin layi, ko aka kafa igiya ko 'yan turaku a gaban girin, nan ne iyakarka. Inda ba alama, bar tazarar taku 10 tsakanin taya da gefen girin. Kada ka ɗaga igiya ka wuce ta ƙarƙashi, kada ka kwantar da ita da ƙafa. Inda aka zagaye wuri da alamar gyara, ko aka shuka sabon iri, zagaya. Doguwar ciyawar da ake bari ta yi tsayi a gefen fili don ado ko don tsuntsaye, ita ma ka ajiye keken a bakinta ka shiga da ƙafa, domin in taya ta kwantar da ita takan daɗe ba ta tashi ba.

A tsakiyar fili kuwa, akasin abin da hankali zai ba ka ne: kada ka bi sawun na gaba. In ku huɗu ne ke wasa tare, ku warwatsu, kowa ya nufi ƙwallonsa. Inda ka ga ciyawa ta fara ja, matsa taku biyu gefe.

Dabarar da ke bambanta gwani da sabon shiga ita ce inda ake ajiye keke in an iso girin. Tun kana nesa, duba ina dandalin rami na gaba yake. Kai keken can ɓangaren, ka zaro sandar gangara ƙwallo da duk wadda za ka buƙata, sannan ka dawo. In kun gama, kuna fita ta baya, na bayanku su buga nan take. Wanda ya bar kekensa a gaban girin sai ya dawo baya ya ɗauka, mutum huɗu na tsaye suna kallonsa. Daƙiƙa 30 a kowane rami, minti 9 ke nan a zagaye. Ƙorafin da ke kashe izinin keke a taron kwamiti sau da yawa daga nan yake fitowa. Kuma rubuta maki a dandali na gaba, ba a bakin girin ba.

Lokacin da wani ke shirin bugu, tsaya cak. Ƙarar taya a kan tsakuwa da kacau-kacau ɗin sanduna na kai wa nesa. Keken ya kasance a gefen mai bugu, nesa da inda idonsa ke kallo, inuwarsa ma kada ta faɗa kan ƙwallon.

A gangara, ajiye shi a gicciye, ba fuskarsa na kallon ƙasa ba, ka danna birki, ka ɗan tura ka ji ya kama kafin ka saki. In kana sauka daga tudu mai tsayi, riƙe da hannu biyu ka taƙaita taku. Sakin keke ya gangara shi kaɗai abin dariya ne har ranar da ya faɗa tafki da wayarka da makullin motarka a aljihunsa. Mai rimot kuma kada ya bar shi ya yi masa nisa fiye da taku 20 ko 30, kada ya tura shi bayan tudun da ba ya gani, kuma a kan gada, da bakin ruwa, da wurin ajiye motoci ya kama shi da hannu. Rimot a aljihun wando na dannuwa in ka sunkuya ɗaukar ƙwallo, kulle maɓallansa.

Mataki na 5: Ruwa, sanyi da iska

Izinin shekara ba ya hana a hana ka yau. Shugaban masu kula da fili shi ke zagayawa da asuba ya yanke hukunci, kuma maganarsa ta fi ta kyaftin a wannan. In ya ce ba keke, ba keke. Alamar da kai ma za ka iya gani: taka ciyawa, in ruwa ya taso a gefen takalminka, taya za ta bar kwari.

A ƙasashen sanyi akwai matsalar raɓa mai daskarewa. Ruwan da ke cikin ganyen ciyawa ya zama ƙanƙara, in aka taka sai ƙwayoyin ganyen su farfashe. A lokacin ba a ganin komai; bayan kwana biyu ko uku sawun ya fito baƙi, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Shi ya sa ake jinkirta fara wasa har rana ta narkar da ita. A Birtaniya kulob da yawa kan ce daga kaka zuwa ƙarshen hunturu sai da tayar sanyi, wata mai ƙusoshin roba kamar bayan bushiya, wadda ke taɓa ƙasa da tsininta kawai ba ta shafe laka a kan ciyawa. In can za ka yi wasa a watan Disamba ko Janairu, tambayi wannan, kuma ka riƙe jaka mara nauyi da sanduna 7 ko 8 don ranar da aka ce kowa ya saɓa.

Laima a kafe a mariƙi tana mai da keke jirgin ruwa mai filafilai. In iska ta taso, naɗe ta kafin ka bar wurin. In aka busa ƙahon tsawa, bar keken inda yake ka nufi mafaka. Ƙarfe ne da sanduna 14 a tsaye.

Abin da dokar wasa ta ce

A dokokin da hukumar golf ta R&A da ke St Andrews a Sikotilan da hukumar golf ta Amurka suka sabunta a 2019, keke cikin kayanka yake. In ka buga ƙwallo ya daki kekenka bisa kuskure, ba tara, ka buga daga inda ya tsaya. Amma in da gangan ka ajiye shi bayan rami don ya tare ƙwallo, ya kuwa tare, tarar bugu biyu ce. In tayarka ta ture ƙwallonka da ke kwance, bugu ɗaya ne kuma ka mayar da shi gurbinsa, sai fa in cikin neman ƙwallon ne abin ya faru, nan ba tara, mayarwa kawai. Neman kuma minti 3 ne. In ƙwallo ya tsaya jingine da taya, janye keken. In ya motsa, mayar da shi ba tara. Kada kuma ka kafa keken a kan tudu ya zama maka alamar saiti a bugun da ba ka ganin tutar da ke kafe a rami. A ranar gasa, karanta takardar sharuɗɗa, domin kwamiti na da ikon sanya tara ga wanda ya shiga da keke inda aka hana.

Abin da ke lalacewa, da dalili

Keke na ja gefe ɗaya: saitin tayar gaba ne ya goce, galibi daga dukan dakali ko jifa a but. Ɗora jaka, je shimfiɗaɗɗen siminti, tura ka saki. In ya karkace, sassauta notin tayar gaba, juya ɗan sukurun saiti kwata ɗaya, ɗaure, sake gwadawa. Kafin ka taɓa noti, tabbata ba jakar ce ta karkata ba.

Birki ba ya kamawa: wayarsa ta miƙe, ko busasshiyar laka ta cika haƙoran da yake shiga. Wanke tukuna, sannan ka tsuke notin da ke bakin wayar.

Taya na ƙara ko girgiɗi: yashi ya shiga boris. Cire tayar, goge ƙarfen da tsumma, sa ɗan mai kaɗan. A lokacin hunturu da ƙura, giris mai yawa illa ne, yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa.

Batir na mutuwa da wuri: an bar shi a but cikin rana, ko an ajiye shi wata da watanni babu caji. Yi masa caji da cajarsa ta asali bayan kowane wasa, a wuri mai sanyi da kake gani.

Bayan wasa, kakkaɓe tayoyin da bututun iska ko burushin da kulob ya tanada. Ban da tsabtar motarka, taya na kwaso irin ciyawar banza da cutar ciyawa daga wani fili zuwa wani, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa wasu kulob hana keken waje.

In kana son a sauya dokar

Mamba ne kaɗai ke da bakin magana a nan, kuma ba a teburin shan shayi ake yi ba. Fara da shugaban masu kula da fili. Ku zagaya tare, ya nuna maka wuraren da yake tsoro, ku rubuta su rami-rami. In ya yarda, rabin aikin ya ƙare. Sannan mai kula da masu ɗaukar jaka: tambaye shi sa'o'in da yaransa ke samun aiki, ka cire waɗannan daga buƙatarka.

Rubuta wa kwamiti shafi ɗaya. Nemi gwaji na wata uku, ba sauyi na dindindin ba. Faɗi ranaku da sa'o'i. Ba da shawarar kulob ya sayi 'yan kekuna iri ɗaya, a ce 10 ko 12, ya riƙa ba da haya, don kuɗin da ake tsoron rasawa daga motoci ya dawo ta wata ƙofar. Ko a sa kuɗin shekara ga mai nasa, a ware wani kaso ga asusun masu ɗaukar jaka. Haɗa da taswirar inda za a ja farin layi da wanda zai riƙa matsar da igiyoyi duk mako don kada wuri ɗaya ya ci duka. Rubuta hukuncin mai saɓa doka da kanka: gargaɗi a karon farko, janye izini na wata ɗaya a karo na biyu. A ɗauki hoton wurare biyar ko shida mafi haɗari a ranar farko, a sake ɗauka daga daidai wurin duk ƙarshen wata, a kuma riƙa rubuta lokacin da kowace tawaga ta fara da lokacin da ta gama. Hotunan da wannan rajistar su za a ajiye a gaban kwamiti a zaman wata na uku.